Ɓerayen Kejin Hagu

Ɓeran ya sake wuce tudun bai gan shi ba, gaban Dogo kuwa ya sake faɗuwa.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa. Babban baho ne a tsakiyar ɗakin bincike, cike da ruwan da aka kaɗa wa garin madara don kada a ga ƙasansa, da ɗan tudun roba a ɓoye a ciki. Ana yi wa ɓeraye allurar da ke taɓa ƙwaƙwalwa ta kawo mantuwa, sannan a sake su a ruwan. Wanda ya tuna inda tudun yake sai ya miƙe can, wanda ya manta ya yi ta iyo yana kewaye har a tsamo shi.

Keji biyu ne. 'Yan hagu ana ɗura musu daga kwalba mai ruwa kore shar, 'yan dama daga kwalba mai ruwa garau. Ɗaya maganin ganye ce, ɗaya ruwa zalla, kuma Farfesa, shugabar binciken, ita kaɗai ta san wacce ce wacce. Da kanta take haɗawa a ofishinta, ta fito tana goge koren tabo a babban yatsanta.

"Ɗalibin da ya san amsa, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya," in ji ta.

Dogo ya yi dariya a ransa. Shi za a ɓoye wa? A bayan ɗakin Innarsa ganyen nan yake tsirowa. Tun yana yaro take tafasa shi, ruwan ya fito kore shar, ta tsare kowa sai ya shanye. Shi ya kawo shi nan, ya shanya, ya daka, ya jiƙa, ya yi ta tacewa har buhu guda ya koma ɗan gari fari-fari a gindin kwalba, ya miƙa wa Farfesa. Gwajin farko ya nuna ganyen yana da sinadaran da ke hana ƙwayoyin jiki lalacewa, yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Saura a ga ko zai kare ƙwaƙwalwa. In ya kare, bincike ya ci gaba. In bai kare ba, a rufe shi.

Inna kuwa mantuwa ta riga ta fara cin ta. Yayarsa, da bakinta ba ya shiru, takan ce, "Likitan ɓeraye, ita da ta sha ganyen shekara da shekaru ga ta nan tana neman takalminta a firij." Shi kuma ya ce tafasasshe daban, tatacce daban.

To, ga abin da baho ke nuna masa. 'Yan dama, masu ruwa garau, da an sake su sai tudu. 'Yan hagu, masu kore, sai kewaye kamar baƙi a tasha.

Ran da ya fara maguɗi, da rana tsaka ne, kowa ya fita cin abinci. Ya ɗauko ɓeran hagu ya ɗora shi a kan tudun da hannunsa, ya bar shi ya kalli bango ya gane wuri. Ya sake shi, ya karkato shi da yatsa. Ya goge shi da tawul ya busar, don kada a ga jiƙa. Ya ce wa kansa yau kaɗai ne. Washegari ya yi wa kejin hagu gaba ɗaya.

Kunya ta kama shi. Abokiyar aikinsa, wadda suke kira Mai Agogo don ita ke auna lokacin iyon, ta ce, "Kai, 'yan hagun nan sun fara ilimi!" Ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Da ya je gaida Inna, ta dube shi da fara'a irin ta baƙo. "Bawan Allah, kana kama da ɗana. Shi ma aikin magani yake. Yaron nan ko allura ka yar a ƙasa ba zai ɗauka ba." Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma bai daina ba, don ya riga ya gaya wa kansa saboda ita yake yi.

Kafin a kammala gwajin, 'yan hagu sun kamo 'yan dama, har sun ɗan wuce su.

Ranar da za a bayyana sakamako ya zauna a kujerar baya. Ya yi nasara, amma ya kasa ɗaga kai. Farfesa ta shigo fuska ba walwala.

"Na so ganyen nan," ta ce. "Da farko har na fara murna. Amma daga baya komai ya juye. Bai kare ƙwaƙwalwa ba, ƙila ma ya cutar. Mun rufe binciken."

Dogo bai san lokacin da ya miƙe ba. "Ranki ya daɗe, ai masu ganyen ne suka ci! 'Yan hagu, masu kore!"

Mai Agogo ta juyo tana kallonsa. Farfesa ta cire tabarau, ta daɗe tana duban sa.

"Wa ya ce maka kore ne ganyen? Koren nan ruwa ne zalla, kala na ɗiga masa saboda masu wayo. Ganyen mahaifiyarka yana cikin ruwan garau, na 'yan dama."