Mai Kitso da Fankon Maganin Malama

Tunda kin ce maganin maƙwabciyarki ya fi naki, zauna in buga miki misali. An yi wata mai kitso, gwana ta ƙin ƙarawa, har ana cewa ta taɓa yi wa ƙwan zabo shuku, ko da yake ni ban ga ƙwan ba. Sai Allah ya jarrabe ta da cutar nan da likitoci ke kira lupus, wadda garkuwar jiki ke rikicewa ta juya kan mai ita, kamar karen gida da ya daina gane maigida. Ita nata karen ƙoda ya cafka. Aka yi wata shida ana fama har ciwon ya lafa, sannan likita ya ɗora ta a kan maganin da zai riƙe karen a ɗaure shekara da shekaru: manyan ƙwayoyi kamar ƙwallon dabino, biyu da safe biyu da yamma, masu murɗa ciki, ga sharaɗin kada ta kuskura ta ɗauki ciki tana shansu. Ita kuwa shekararta shida da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ran nan a bencin asibiti ta zauna kusa da wata malamar makaranta, ciwonsu ɗaya, likitansu ɗaya. Amma malamar 'yar mitsitsiyar ƙwaya rawaya take sha sau ɗaya a rana, ga ciki ya turo riga, wata bakwai. Mai kitso ta dubi ledar maganinta, ta dubi cikin malama, zuciya ta raya mata an yi son kai. Da ta shiga wurin likita ba ta ce uffan ba, don da wane baki za ta gaya wa namiji baƙo tana son haihuwa? Roƙon fanko kuwa ba ya da kunya. Da ta fito sai ta ce, "Malama, don Allah san mini kwalin nan in ya ƙare." Da ta samu kwalin, ta kai wa mai kemis yadda ake kai wa tela samfurin ɗinki, ta ce a ba ta irinsa sak.

Ta cusa nata maganin a ƙasan akwati, ta koma shan irin na malama. Ciki ya daina murɗawa, ta yi fes, duk kan da ya shigo tsakanin gwiwoyinta sai ya sha labarin cewa su ma likitocin sai ana taya su tunani. Ranar gwajin jini ta zo, ta ce amare uku na jiranta. Ranar ta sake zagayowa, ta ce me zai kai lafiyayye asibiti? Ba ta san ciwon malama sai da ya shekara biyu kwance kafin a sauya mata magani ba, aka auna nauyinta, ana bin jininta wata-wata. Nata kuwa barcin zomo yake yi. Kafin wata biyar fitsari ya soma kumfa kamar an kaɗa sabulu, zobe ya ƙi fita, takalmi ya ƙi shiga, ƙafa in an danna sai rami ya zauna. Ko da aka kwashe ta zuwa asibiti, ƙodar ta riga ta ci wuta. Likita ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ai maganin kirki ne. Da kin faɗa mini, baɗi war haka da kaina zan mayar da ke kansa." Yanzu sau biyu a mako tana kwance na'ura na wanke mata jini, hannun kitson ya sha huda, zancen goyo kuma ko ita ta daina tayar da shi. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.