Sarƙar Da Ta Fi Sauri

Dogo ya ci rabin gungumen ke nan sarƙar injinsa na yankan itace ta tsinke. Ta yi ƙara kamar bulala, ta faɗa cikin ciyawa, injin ya ci gaba da kuka a banza. A ƙarƙashin itacen ƙaninsa ne kwance, nauyi ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa, amma bakinsa bai mutu ba.

"Yaya, je ka sayo wata," in ji shi. "Ni dai ina nan, ba inda za ni."

Ko a wannan hali sai da ya yi barkwanci. Tun suna samari tare suke yankan katako, Dogo ya riƙe inji, ƙanin ya duba inda itace zai faɗi. Yau iska ta juya musu.

Dogo ya saɓa injin a kafaɗa ya nufi gari. Gudu yake so, gwiwoyi suka ƙi, kamar an ɗaura musu duwatsu. Hanyar ma ta yi masa baƙunta, gidaje sun fi yadda ya sani yawa, amma wanda hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa kallon gidaje.

A bakin kasuwa ya ɗaga murya: itace ya danne mutum! Aka dare aka ba shi hanya. Tela ya tsayar da kekensa, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ɗinki. Ko mutum ɗaya bai biyo shi ba. Dogo ya ce a ransa, lallai imani ya ƙaura daga duniya.

Shagon kayan inji yana nan da warin baƙin mai, sarƙoƙi rataye a bango. Matar da ke bayan kantar shagon ta miƙe tun bai buɗe baki ba.

"Sannu, Baffa. Ka ɗan sha ruwa."

Ya ture kofin. Ta sunkuya ta zaro sarƙa biyu daga ƙarƙashin kantar, kwalayensu sun yi laushi a gefe, ta shimfiɗa masa.

Ba sai an yi masa bayani ba. Ta farko haƙoranta masu kusurwa ne, tana cin itace kamar wuta a busasshiyar ciyawa, amma da ta taɓa yashi ta dakushe, ga harbi kamar jaki. Ta biyu haƙoranta a lanƙwashe suke, tafiyar hawainiya gare ta, sai dai ƙasa ba ta karya mata gwiwa.

Gungumen kuwa cikin taɓo ya faɗi, ɓawonsa duk laka. In ya ɗauki mai sauri ta dakushe a tsakiya, zai zauna yana wasa haƙora ɗaya bayan ɗaya, numfashin ƙaninsa yana raguwa. In ya ɗauki mai juriya, anya za a jira ta?

Hannunsa ya yi ta kai da komo tsakaninsu. Ya ji kamar ya taɓa tsayawa a nan, da wannan gumin, kuma duk wadda ya ɗauka ba ita ba ce.

"Wacce ta fi sauri?" ya tambaya, alhali ya sani.

"Wannan, Baffa. Amma waccan ba ta tsayawa a hanya."

Ya nuna mai kusurwa. Da kanta ta ɗaura masa ita, ta ɗaure tamau, ba ta ce a tayar da injin a gwada ba. Da ya saɓa sai ya ji ba shi da nauyi kamar ɗazu. Ya ce ƙarfi ne Allah ya ƙara masa.

A bakin ƙofa ya juyo.

"'Yata, in matarsa ta biyo ta nan, kada ki faɗa mata komai. Cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe."

"Ba zan faɗa ba," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya fita yana jan ƙafa. Wani kafinta, baƙo a unguwar, da ya zo sayen magagari ya ji komai, ya zabura.

"Baiwar Allah, mutum yana ƙarƙashin itace kuna zaune? Mu bi shi mana!"

"Zauna, malam. Bakin wani ruɓaɓɓen kututture zai je ya tsuguna, injin ma ƙwarya ce kawai, babu komai a cikinsa. Da la'asar maigidana ya je ya taho da shi, ya dawo mini da sarƙar. Wata rana mai sauri yake ɗauka, wata rana mai juriya. Har yau bai gano wadda za ta iske ƙaninsa da rai ba."

Kafinta ya koma ya zauna. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To matar mai cikin fa?"

Ta bi tsohon da kallo har furfurarsa ta ɓace cikin mutane.

"Ta sauka lafiya, bayan an binne shi. Cikin nan da yake faɗa, ni ce."