Sabon Gilashin Alhaji Mukhtari

"Ɓarayin nan ba su da imani!" Alhaji Mukhtari ke ta faɗa a bakin kasuwar Illela, yana nuna fasasshen gilashin ƙofar mota. "Har carbina da ke rataye a madubi sun ɗauke!"

Nan take ya kira Bashar makanike. Ya tsaya a kansa cikin rana har aka sa sabon gilashi, ya biya yana ta Allah ya isa.

Sai ga matarsa Ruƙayyatu da kayan miya. Ta dubi motar, ta dube shi.

"Alhaji, mi kake yi nan? Tamu ga ta can gindin bedi, carbinka na lilo. Wagga lambar Nijar gare ta." Ta danne dariya. "Allah shi karɓi sadaka."