Sunan da Hajiya Sabuwa Ta Ƙi Faɗa

Kowace Juma'a bayan la'asar ana jera kekunan tsofaffi a falon wani gidan kula da su a unguwar Abu Hail da ke Dubai, a yi wasan tuna suna. Mai aikin sa kai zai tsaya gaban tsoho, tsoho ya faɗi sunansa, a yi tafi. Wasan yara ne, amma likitoci sun ce yana riƙe ɗan abin da ya rage a ƙwaƙwalwa.

Hajiya Sabuwa ce gwanar wasan. Ita kaɗai ce Bahaushiya a cikin tsofaffin, mutuniyar Gumel. An kawo ta Dubai neman maganin shanyewar ɓarin jiki, ciwon mantuwa ya biyo ta ya same ta a nan. Ta manta shekarar da ake ciki, ta manta ƙasar da take, amma sunan Sister Lorna, nas 'yar Filifin, da na Rajan mai kawo shayi ba sa kuɓuce mata. Halima Sa'adiya, ɗaliba 'yar Kano da ta fara aikin sa kai a farkon 2019, a wuni ɗaya Hajiya ta haddace nata.

Mutum ɗaya ne ba ta faɗin sunansa. Musbahu, ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, mai furfura a gemu, wanda ke riga kowa zuwa kuma ya fi kowa daɗewa. Shi ke tura kekuna zuwa lambu, shi ke yanke wa wani dattijo ɗan Sudan farce. In ya durƙusa ya ce, "Hajiya, barka da yamma," sai ta kau da kai wajen taga, ta amsa a taƙaice. In an raba dabino, ta ture nata gefen tebur, ta ce wa bango, "A ba wancan."

Abin ya tsaya wa Sa'adiya a rai, ita kuwa ba ta iya ganin kwano a karkace ta wuce. Mutum ya keto gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan a jirgin ƙasa, ranar hutunsa, a ce tsohuwa ta san sunan mai shayi ba ta san nasa ba? Sister Lorna ma ta ce abin ya fi shekara yana damunta. Sa'adiya ta ci alwashin sai Hajiya ta kira shi da bakinta.

"Malama, ki bar ta haka," in ji Musbahu da ta gaya masa. "Ni wallahi hakan ya ishe ni."

Ta ɗauka kawaici ne irin na mutanen kirki. Ta rubuta sunan da ajami, manyan baƙaƙe, ta manna a jikin ƙofar ɗakin. In tana shafa wa Hajiya man zaitun a ƙafa, sai ta riƙa nanata shi kamar mai koya wa yaro karatu. Hajiya takan janye ƙafarta, ta harare ta, ta ce, "Ke dai yarinyar nan ba ki da ta-ido."

Bayan azumi ciwon ya ƙara gaba. Sunan Rajan ne ya fara tafiya. Sister Lorna ta koma "baiwar Allah". Tsoro ya kama Sa'adiya sosai, don sunaye suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, in ba a yi sauri ba lokaci zai ƙure bawan Allahn nan bai taɓa jin an kira shi ba. Ta ƙara ranar Talata a kan Juma'arta. Shi kuwa wanda ake yi domin shi, ko a jikinsa. Duk ranar da aka kau masa da kai, sai ya miƙe da fuska a sake ya koma wajen kekunansa.

Juma'ar da ta biyo Babbar Sallah gidan ya yi walima. An rataya balan-balan, an dafa shinkafar biryani, an yi wa tsofaffin mata lalle. Da aka zo wasa, Sa'adiya ta roƙi Musbahu ya fara. Ya durƙusa yadda ya saba, kansa a sunkuye, yana jiran a juya wajen taga.

Ba a juya ba. Hajiya ta dube shi a tsakiyar ido, ta yi masa murmushi har kunne.

"Musbahu ko?" ta ce. "Musbahu. Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Mutumin wane gari ne kai?"

Falo ya ɗauki tafi. Sa'adiya har da hawayenta, wata bakwai na wahala sun biya.

"Na Gumel ne, Hajiya," in ji shi, muryarsa a can ƙasa.

"Ashe ma ɗan garinmu ne. Allah ya yi albarka."

Ya amsa da amin, ya miƙe a hankali ya fita lambu. Ta taga Sa'adiya ta hango shi zaune a ƙasa, fuska cikin tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Ta ce a ranta, ashe dai yana so, kunya ce ta hana shi faɗa.

Sister Lorna ta rungume ta. "Khalas, habibti, kin gama aiki," ta ce cikin Turancinta mai sauri, gauraye da Larabci. "Yau dai ta gane ɗanta. Ba ki sani ba? Ai shi ne ɗanta na fari. Awa ɗaya ta masu ziyara ce ba ta isarsa, shi ya sa ya shiga aikin sa kai."

Sa'adiya ta sake duban lambu ta taga. A duk masu tafin nan ita kaɗai ta san cewa uwar da ta yi shekara arba'in da shida tana kunyar sunan ɗan farinta ba ta faɗe shi yau ba, sai don ta daina sanin wanda ke durƙushe a gabanta.