Matar da ta kife kwando a kan ciyawa

Ke Lantana, da girmanki da 'ya'yanki uku kike tambayata amfanin sharar masussuka? Wai rumbu cike yake, me za a yi da tsabar da ta cakuɗe da ƙasa. To ai don yana cike na ce ki kwaso. Ni ban zauna gaban allo ba, amma tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa sayen ƙwai ba, je ki tambaya. Ajiye tsintsiyar ki zauna, kuma ba zan maimaita ba.

An yi wata mata a wani ƙauye, mai son kiwon kaji. Mijinta ba mugu ba ne, tsoron yunwa gare shi. Da zarar bazara ta kama sai ya liƙe bakin rumbu da laka, ya ce abin da ya rage na bakin mutane ne da na iri, kaza ba ta da rabo. Wata shekara haka matar ta zuba ido kajinta suka rame, suka daina ƙwai, aka bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya har saura biyu. Daga biyun nan ta sake tara guda tara, ta kuma ƙudura a ranta ba za a sake yi mata wannan ba. Da kaka ta zo, mata na gama sussuka suna kama gabansu, ita sai ta tsaya ta share wurin tas, dawa da gero da ƙaiƙayi da ƙasa, har ta cika tsofaffin tuluna uku. Ta kakkafa sandunan zogale a bakin makwarara, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Da rani ya shigo, ƙasa ta bushe ba ko ɗigon kore, sai ta sassaƙe gefen makwararar, ta watsa tafi ɗaya na sharar nan, ta kife tsohon kwando a kai, ta danne da dutse. Washegari ta yi wani kusa da shi. Haka haka har kwando goma, wasu ma a juji ta tsinto su. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan danga ta ce, "Baiwar Allah, kowa 'yan tsaki yake kifewa don shirwa, ke ciyawa kike kifewa. Guduwa za ta yi?" Matar ta ce, "Ita ba ta gudu, masu nemanta ne ke da ƙafa." Ta ci gaba da aikinta.

Ran kwana na goma ta ɗaga kwandon farko. Tsiro ya yi tsawon yatsa, kore shar. Kaji suka far masa, suka cinye, suka tone ƙasar mai laima har tsutsa da gara. Da la'asar ta sake watsa tafi ɗaya a wurin, ta mayar da kwandon. Kullum ɗaya take buɗewa, ko kajin za su kwana suna zagaya sauran suna ƙyarƙyara, ba ta ƙarawa. Ta tsinko ganyen zogale, ta yayyanka, ta kwaɓa musu da 'yar dusar da ta saura a turmi. Da bazara ta kama, maigidan ya liƙe rumbunsa kamar kullum, kajin ba su ma san an yi ba. Gashinsu na sheƙi, akurki ba ya rabo da ƙwai, in an fasa gwaiduwar kamar manja. Maigidan ya ci, ran kasuwa sai ya dawo mata da sabon kwando. A lokacin ne maƙwabciyar ta zagayo ta ƙofa, ba ta kan danga ba, kajinta sun zama ƙashi da gashi. Matar ta ɗebar mata tafi biyu, ta ara mata kwando. Amma ina sauran za su fito? Sharar masussuka tuni tsuntsaye da awaki sun gama da ita, zogale kuwa ba a kafa shi yau a ci gobe. Kwana uku maƙwabciyar ta iya jure kukan kajinta, ta ɗaga kwandon, suka tsince irin tun bai fasa ƙasa ba. Sati bai zagayo ba ta ɗaure su a ƙafa, aka kai kasuwa. Waccan kuwa har ruwan fari ya sauka tulunta na uku bai ƙare ba, kaji biyu na kwance a kan ƙwai.

Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobe kafin rana ta yi zafi ina son ganin sharar nan cikin tulu, Lantana, har da ƙaiƙayin. Ku kuma da kuka baza kunnuwa kamar da ku ake, ku rufe akurki, kowa ya nemi tabarmarsa.