Ƙwan Auta

Hannu wofi tsohuwar ta durƙusa a bakin kogon majami'ar Ghriba, a tsibirin Jerba. Kowace ziyara takan rarrafa ciki kamar sauran matan Yahudawa, ta ajiye ƙwai kusa da dutsen da kakanni suka ce daga Haikalin Ƙudus aka ɗauko shi. Zafin kyandirori ya dafa ƙwan, budurwa ta ci, miji ya fito.

"Iya, bana wa za mu aurar?" in ji mai gadin wurin. "Ko ke ce zawarci ya isa?"

"Rufe mini baki, ɗan nan. Dutsen nan bai taɓa ƙin roƙona ba. Duk ɗiyata da ta ci ƙwansa ta yi aure, jirgi ya tsallaka teku da ita. Har yau ban sake sa su a ido ba."

"To, ina ƙwan auta?"

"Ban kawo ba. Roƙonsa na zo yi ya manta da gidana."

Sai ga wata tana rarrafowa daga kogon, tana murmushi. Autarta ce, da gwaiduwa a gefen bakinta.