Gammon da Inna ta naɗa mini

Da tsohon ɗankwalinta Inna, mahaifiyata, ta naɗa mini gammo ranar da ta fara ɗora mini kaya. La'asar ce, mun taso daga gona za mu koma Rawayya a ƙafa, ita da damin dawa, ni da ƙwaryar gyaɗa. Har yau ina jin ƙamshin gammon nan, man shanu da hayaƙin murhu.

Ba mu yi nisa ba wuyana ya ɗau zafi. Na ranƙwafa, ina jan ƙafa ina ƙunƙuni. Inna ba ta sauke mini ba. Tafin hannunta ta sa tsakanin kafaɗuna, ta danna har na miƙe.

Ta ce, "Ɗaga haɓarki, ɗiyata, ki dubi inda za ki. In kin duƙa ma kaya, nauyi suke ƙarawa."

Haushinta na ji sosai. Amma da hannun nan a bayana na kai gida, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba.

Yanzu tana wurina a Tudun Wada, tun da tsoron 'yan bindiga ya raba ta da gona. Matar da ba ta iya zama ba, wuni take kan tabarma, bayanta ya tanƙware kamar lauje. Jiya na sa tafina daidai inda ta sa mini nata, na danna a hankali. Ba ta miƙe ba.

Ta ce, "Bari, ɗiyata. In ɗaga kai in dubi ina?"